Wuta ma ana auna ta

Tun da wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin cikin Oktoban 2024, direbobin da ke jigila tsakanin Sakkwato, Boɗinga da Shagari suka yanke hukuncinsu: gas bam ne, a bar shi. Alhali tukunyar da ta fashe ƙirar masu walda ce. Gas ɗin mota, wato CNG, ana ɗura shi da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 200, na girki kuwa bai kai ninki 10 ba. Wanda ya ɗauke su abu guda ya haƙa wa kansa rami.

Sanin irin wannan bambanci aikin ɗakin gwajin ƙonuwar makamashi ne a tsangayar injiniya. Da an ambaci ɗakin sai hankali ya tafi kan roka da kumbo, kuma da gaskiya, hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA tana da cibiyar irin wannan bincike a Epe ta jihar Legas. Amma kayan aikin na ƙasa ne. Akwai teburin da ake ɗaure inji a kai, a danne shi da nauyi, a ga ƙarfin da yake bayarwa da man da yake sha. Akwai 'yar tukunyar ƙarfe da ake ƙona ɗigon mai a cikinta bayan an nutsa ta a ruwa, ɗumin ruwan ya faɗi kuzarin man. Sai bututun da ake zurawa a salansa don tantance hayaƙi. Kilo ɗaya na fetur yana son iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. In iskar ta gaza sai a sami kabon monoksaid, gubar nan marar wari da ke hallaka iyalin da suka kwana da janareto a ɗaki.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba yau muka fara ba. A 1982, lokacin da Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin kimiyya a Midil ta Sakkwato, yake shugaban ƙasa, aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a jami'ar da yau ake kira Usmanu Ɗanfodiyo. Masananta sun ƙera murhu mai tsimin itace, da ramin samar da gas daga kashin shanu, da na'urorin girki da busar da amfanin gona da zafin rana. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Amma shiga kowane gida a Sifawa ko ƙauyukan Shagari da hantsi, duwatsu uku za ka tarar, uwargida na hura wuta idanunta na hawaye, goyo a baya yana shaƙar abin da take shaƙa. Mafi yawan zafin itacen nan iska ke kwashewa, kaɗan ke isa gindin tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara. Itacen kuma daga ina, a jihar da hamada ke leƙowa?

Tun cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023, manoman rani da dama a Arewa suka mayar da injin ban ruwa mai shan gas ɗin girki. Dabara ce, na yaba. Sai dai makanike da kunne yake saita injin, babu mai auna ko wutar na ci daidai, ko tiyon na yoyo.

Ya kamata gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su sayi kayan awon nan, su ɗauko masanan jami'a zuwa bakin dam ɗin Shagari da garejojin tasha, a gwada injinan manoma da murhun mata a gaban masu su. Kai kuma direba, kafin a ɗaura maka tukunya a but, nemi takardar gwajinta.