Ƙattan Ƙanƙara: Abin da Fim Ya Ƙara da Abin da Tsoffin Littattafai Suka Ce

Duk wanda ya kalli fim ɗin Thor da kamfanin Marvel ya fitar a 2011 ya ga ƙattan ƙanƙara: dogayen halittu masu shuɗin jiki da jajayen idanu, waɗanda in sun taɓa mutum sanyi ya ƙone masa fata. Tun daga nan labarinsu ke yawo a bakin matasa, wasu na rantsuwa cewa haka mutanen arewacin Turai na dā suka yi imani da su. Wani ɓangare na zancen yana da tushe, amma mafi yawansa ƙari ne. Gaskiya da ƙarya a nan ana auna su ne da abin da tsoffin littattafai suka rubuta, domin labarin kansa almara ce ta mutanen da suka bauta wa Odin da Thor kafin addinin Kirista ya iso musu.

Littattafan nan guda biyu ne, duka daga tsibirin Aislan. Na farko tarin tsoffin waƙoƙi ne da ake kira Edda ta waƙa, wanda babban kwafinsa, Codex Regius, aka rubuta wajen 1270. Ya daɗe a hannun sarakunan Denmak kafin a mayar da shi gida a 1971. Na biyu shi ne Edda ta zube, wadda Snorri Sturluson, marubuci kuma ɗan siyasa, ya rubuta wajen 1220. Kusan duk abin da duniya ta sani game da ƙattan daga nan ya fito.

Batun ƙanƙara gaskiya ne. Snorri ya ce kafin a yi ƙasa da sama akwai wani wawakeken rami, Ginnungagap, sanyin Niflheim ta arewa, zafin Muspell ta kudu. Da zafi ya haɗu da ƙanƙara ta fara ɗiga, sai Ymir ya fito daga ɗigon, shi ne kakan ƙattan ƙanƙara duka. Wata saniya, Audhumla, ita ta shayar da shi. Amma ƙattan ƙanƙara reshe ɗaya ne kawai na babbar zuriyar da ake kira jotnar. Akwai na duwatsu, akwai Aegir mai masauki a teku, akwai Surt mai takobin wuta. Shuɗin fata da jajayen idanu a matsayin kamannin zuriyar kuwa, aikin masu kwalliyar fim ne.

Girman jiki ma ba kowannensu ba. Akwai Skrymir, wanda Thor da abokan tafiyarsa suka kwana cikin safar hannunsa suna zaton zaure ne, ko da yake daga baya an bayyana musu cewa tafiyar cike take da rufa-ido. Sauran da yawa suna zama kujera ɗaya da allolin, su ci su sha tare, har a ɗaura aure. Gerd, 'yar ƙato Gymir, kyawunta ya sa Freyr, ɗaya daga cikin allolin, ya kasa ci ya kasa barci, har ya ba baransa takobinsa don ya je ya nemo masa aurenta. Dodo mai tsawon rimi ba ya shiga irin wannan labari.

Ƙaryar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Loki. Fim ya nuna shi jariri ne da Odin ya tsinta bayan yaƙi ya rene shi, ƙanin Thor, ɗan Laufey sarkin ƙattan ƙanƙara. A tsoffin littattafai Laufey mace ce, kuma ita ce mahaifiyar Loki. Mahaifinsa ƙato ne mai suna Farbauti. Odin bai rene shi ba, amana suka ƙulla ta hanyar haɗa jini, suka zama kamar wa da ƙani. Ke nan in za a bi lissafin zumunta, Loki ya fi kusa da zama baffan Thor.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne zancen cewa allolin su ne mutanen kirki, ƙattan kuma mugaye, kowa da nasa jinin. Wannan fahimtar tana rushe ginin labarin gaba ɗaya. Mahaifiyar Odin, Bestla, 'yar ƙato Bolthorn ce. Mahaifiyar Thor, Jord, daga zuriyar ƙattai ta fito. Shi kansa Thor, mai fasa kawunansu da gudumarsa, yana da ɗa, Magni, da wata mace daga cikinsu, Jarnsaxa. Rigimar gida ɗaya ce, tsakanin 'ya'ya da dangin uwa.

Kuma wa ya fara zubar da jini? Odin da 'yan'uwansa Vili da Ve su suka kashe Ymir, suka gina duniya da gawarsa: naman ya zama ƙasa, jinin teku, ƙasusuwan duwatsu, ƙoƙon kan sama, ƙwaƙwalwar gizagizai. Littafin Snorri ya kira Ymir da zuriyarsa mugaye, amma bai kawo laifin da ya aikata kafin a kashe shi ba. Dubi kuma labarin wani ƙato magini da ya yi alkawarin gina wa allolin ganuwa cikin hunturu ɗaya, ladansa a ba shi Freyja, mace daga cikin allolin, da rana da wata. Sun amince ne don sun tabbata ba zai iya ba. Da ya rage kwana uku aikin ya kusa kammala, sai suka tilasta wa Loki ya nemo dabara. Ya rikiɗa ya zama goɗiya, ya janye ingarman da ke jan duwatsun, aiki ya tsaya, Thor ya fasa kan maginin. An yi rantsuwa, an karya ta, kuma ba ƙaton ne ya karya ba.

Masaniyar adabi Margaret Clunies Ross ta nuna wani tsari da ke ƙarƙashin waɗannan labarai: allolin suna auren 'ya'yan ƙattai, suna kwashe dukiyarsu da iliminsu, amma ba sa taɓa ba su tasu 'yar. Odin ya yaudari Gunnlod ya sace giyar da ke sa mutum ya zama mawaƙi daga gidan ubanta Suttung. Da ƙato Thrym ya sace gudumar Thor ya ce sai an ba shi Freyja, Thor aka yi wa lulluɓin amarya, ya je ya hallaka ango da 'yan biki. Ko Skadi, da ta zo da makamai neman fansar ubanta Thiazi, diyyar da aka ba ta ita ce ta zaɓi miji cikin allolin, amma ƙafafunsu kaɗai za ta gani. Ta yi fatan Baldr, ta sami Njord. Ita mutuniyar duwatsu ce, shi na bakin teku, auren bai ɗore ba.

Wannan bai wanke ƙattan ba. Thiazi ya sace Idunn mai tuffar ƙuruciya, Hrungnir ya bugu a gidan allolin ya yi barazanar kashe su, kuma a yaƙin ƙarshe, Ragnarok, su ne za su taso, Surt ya kashe Freyr wanda ya rasa takobinsa, ya cinna wa duniya wuta. Amma ba wawaye ba ne kamar yadda ake zana su. Odin da kansa ya ɓad da kama ya je gidan Vafthrudnir gasar sani, aka sa kai a matsayin jingina, domin ƙattan sun girmi allolin, sun san farkon duniya.

Akwai masu cewa labarinsu ya ambaci ruwan ɗufana. Gaskiya ne Snorri ya rubuta cewa jinin Ymir ya nutsar da ƙattan ƙanƙara duka in ban da Bergelmir da matarsa, waɗanda suka ci gaba da zuriyar. Sai dai Aislan ta karɓi addinin Kirista tun wajen shekara ta 1000, fiye da shekara 200 kafin Snorri ya ɗauki alƙalami, kuma shi Kirista ne. Tsohuwar waƙar da ya dogara da ita ta ambaci Bergelmir, ba ta ambaci ambaliya ba. Shi ya sa masana da dama ke ganin ƙissar Annabi Nuhu ce da ya sani ta yi tasiri a rubutunsa.

Jotunheimen da ake nunawa a taswirar Norwe a ce ga ƙasarsu nan, wurin na gaske ne, can ne dutsen Galdhøpiggen yake, mai tsawon mita 2,469, mafi tsawo a ƙasar. Amma sunan sabo ne. Mawaƙi Aasmund Olavsson Vinje ne ya raɗa shi a 1862, daga tsoffin labaran ya aro shi, ƙarnuka bayan an daina bauta wa Odin a ƙasar.