Flavio Dino: Alƙalin da ya ajiye aiki ya nemi kujerar gwamna

Aikin alƙali shi ne ya saurari ɓangarori biyu ya yanke hukunci, ko da kuwa zai ɓata wa jama'a rai. Ɗan siyasa kuwa sai ya bi lungu-lungu yana neman yardar jama'ar. Shi ya sa tsarin mulkin ƙasar Brazil ya haramta wa alƙali shiga harkar jam'iyya. In yana son takara, dole ya fara ajiye aikinsa. Abin da Flavio Dino ya yi ke nan.

An haifi Dino a shekarar 1968 a Sao Luis, babban birnin jihar Maranhao da ke arewa maso gabashin Brazil, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi talauci a ƙasar. Ya karanta fannin shari'a a jami'ar tarayya da ke jihar, inda ya yi gwagwarmayar ɗalibai. A Brazil da jarrabawa ake zama alƙali, kuma mai tsanani ce. Dino ya ci ta a 1994, ya zama alƙalin tarayya yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya yi shekara 12 yana wannan aiki, har ya shugabanci ƙungiyar alƙalan tarayya ta ƙasar.

A 2006 ya bar aiki mai albashi da tabbas, ya shiga fagen da babu tabbas a cikinsa. Ya ci kujerar ɗan majalisar wakilai a shekarar, amma daga nan sai al'amura suka yi tsauri. Ya nemi magajin garin Sao Luis a 2008, ya faɗi. Ya nemi gwamna a 2010, Roseana Sarney ta kayar da shi. Ita kuwa 'yar tsohon shugaban ƙasa Jose Sarney ce, wanda gidansu ya kusan shekara hamsin yana juya siyasar jihar. Dino bai yi zuciya ba. Ya sake fitowa a 2014, ya samu sama da kashi 63 cikin 100 na ƙuri'u tun a zagayen farko, aka kuma sake zaɓensa a 2018.

Abin da ya fi shafar ɗalibai a mulkinsa shi ne shirin Escola Digna, wato makarantar mutunci. A ƙauyukan jihar akwai yaran da ke karatu a azuzuwan jar ƙasa masu rufin ciyawa. Shirin ya riƙa maye gurbinsu da ginin bulo, tare da gyara tsofaffin makarantu. Duk da haka, masu sukarsa na nuni da cewa har ya sauka Maranhao ba ta fita daga sahun jihohi matalauta ba. Gwamna ba ya kashe talauci da hukunci ɗaya kamar yadda alƙali ke rufe shari'a.

Daga baya ya ci kujerar sanata a 2022, Shugaba Lula da Silva ya naɗa shi ministan shari'a a 2023, sannan ya zaɓe shi zuwa Kotun Ƙoli. A nan ne muhawara ta yi zafi: wanda ya shekara 17 cikin jam'iyya, zai iya yi wa abokan hamayyarsa adalci? Majalisar dattawa ta amince da shi da ƙuri'a 47, yayin da 31 suka ƙi. Ya kama aiki a Fabrairun 2024.

Kada ɗalibi ya ɗauka duk tsohon alƙali haka yake ƙarewa. Wilson Witzel ma alƙalin tarayya ne da ya ajiye aiki a 2018, ya ci gwamnan jihar Rio de Janeiro da alkawarin yaƙar cin hanci da 'yan ta'adda. Sai reshe ya juye da mujiya. Aka zarge shi da almundahana a kwangilolin lafiya lokacin annobar korona, aka dakatar da shi a 2020. A Afrilun 2021 wani kwamiti na alƙalai biyar da 'yan majalisa biyar ya tsige shi, babu ko mutum ɗaya da ya goyi bayansa.

Da yawa daga cikinku, 'yan uwana ɗalibai, saura shekara biyu ko uku ku cika 18, ku karɓi katin zaɓe. Za ku ga 'yan takara da manyan laƙabobi a allunan kamfe: Mai Shari'a, Farfesa, Janar. Laƙabi yana nuna inda mutum ya fito ne kawai. Ku bincika yadda ya riƙe amanar da aka ba shi a baya, ku kuma tambaye shi abin da zai yi wa makarantar garinku.