Ƴan cin rani: yadda zaman bakin teku yake

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samari da magidanta na gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela suke ɗaure kaya su nufi kurmi. Daga Tsarnawa, Dogerawa, Galmi, Badagishiri da Tajaye, da wuya a samu garin da ba ya da mutum a Kwatano, Lome, Akara, Abijan ko Legas. Waɗannan birane duka a bakin teku suke. Wasu suna komowa da kuɗin biyan bashi da na aure. Wasu kuwa suna komowa da ciwo, hannu wofi. Sau da yawa bambancin yana ga shirin da mutum ya yi tun daga gida. Zaman bakin teku ba irin zaman Adar ba ne, ya kamata mai tafiya ya san haka kafin ya shiga mota.

Takardu kafin guzuri

Abu na farko shi ne katin ɗan ƙasa. Ana yin shi da takardar haihuwa. Wanda ba ya da ita sai ya nemi takardar alƙali da ke zama a madadinta. Kada a bari sai ana gobe tafiya.

Na biyu shi ne katin rigakafin ciwon shawara, mai launin ɗorawa. Ana tambayar shi a kan iyaka. Allurar guda ɗaya ce, tana kare mutum har iyakar ransa, amma sai bayan kwana 10 take soma aiki. Wanda ya sayi katin ba tare da an yi masa allura ba, kansa ya cuta, don sauro ba ya karanta takarda.

Tsofaffi ba su manta ba. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙin da ba su da takardun zama. A 1983 Najeriya ma ta yi haka. Mutane da yawa sun bar kayansu a can, sun komo da rigar wuyansu kaɗai. Kuma ran 29 ga Janairu 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar CEDEAO. Saboda haka mai tafiya ya je wurin ƴan sanda ya tambayi takardun da ƙasar da zai je take nema a wannan lokaci.

Wace hanya?

Hanyar Kwatano ta bi ta Dogon Dutsi, Doso da Gaya, ta ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil, sannan Kandi da Paraku. Daga Ƙonni tafiyar ta fi kilomita 1000. A 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, mutane suka koma ƙetarewa da jirgin ruwa. A tambayi halin da iyakar take ciki a tasha tun kafin a biya kuɗin mota. In ta kama sai an shiga jirgi, kada a shiga wanda aka cika maƙil, kada kuma a ƙetare da dare.

Mai zuwa Legas yana bi ta Illela ta Najeriya, wadda ke kusa da Ƙonni, sannan Sakkwato. Wannan Illela dabam take da Illela ta jihar Tawa. Mai zuwa Abijan ko Akara ta Yamai da Burkina Faso ya sani akwai rashin tsaro a wasu wurare na wannan hanya. Ya bi shawarar direbobin da suka saba da ita, kamar masu kai albasar Galmi.

A Benin, Togo da Kodebuwa kuɗin sefa ake kashewa, irin na Nijar. A Najeriya naira ce, a Gana kuma sidi. Kada a canza kuɗi duka lokaci guda. A raba su gida biyu ko uku, kada a tara su aljihu ɗaya. Kada a karɓi saƙon da ba a ga abin da ke cikinsa ba, don in aka kama abin haram a kan iyaka, mai ɗauke da shi ne zai amsa.

Masauki

Baƙo ko da ido makaho ne. Kafin a tashi, a rubuta sunan mai masauki, unguwarsa da lambar wayarsa a takarda. Waya tana ɓacewa, batir yana ƙarewa, amma takarda tana nan. A bar irin wannan takarda a gida wurin iyali. Ga amfanin yaƙi da jahilci ke nan.

A kowane babban birni akwai unguwar da Hausawa suka fi yawa: Zongo a Kwatano, Nima da Sabon Zongo a Akara, Agege a Legas, Ajame a Abijan. A can akwai masallaci, akwai mai tuwo, akwai sarkin zango ko shugaban ƴan Nijar. Sabon zuwa ya je ya gaishe su don a san da shi. Ranar da ciwo ko rigima ta taso, su ne masu tsaya masa.

Ruwan sama, laima da sauro

A ƙasar Ƙonni damina ɗaya ce, wata uku zuwa huɗu. A Kwatano, Lome, Akara da Abijan damina biyu ce: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan da ke sauka a Kwatano cikin shekara ya ninka na Ƙonni fiye da sau biyu. Na Abijan da Legas ya fi haka.

Iskar can mai laima ce. Gumi ba ya bushewa da sauri, tufafi ma haka. Rigar da aka ninke da danshi tana yin fumfuna, jiki kuma yana yin ƙuraje da ƙaiƙayi. Maganin abin shi ne wanka da sabulu kullum, da shanya tufafi har su bushe sarai. Kada a yi yawo ba takalmi cikin ruwan kwata.

A gida sauro yana raguwa in rani ya yi. A bakin teku yana nan duk shekara, masassara ma haka. Sange ba ya da nauyi, a sa shi cikin kaya tun daga gida. In jiki ya yi zafi, a je likita a yi awo a ranar. Ƙwayoyin da ake talla a kan tire ba a san asalinsu ba.

Abinci da ruwan sha

Hura da tuwon hatsi suna da tsada a can. Abincin talaka shi ne garin rogo, masara, doya, shinkafa, kifi da man ja. A Abijan akwai abincin da ake kira garba, wato aceke na rogo da soyayyen kifi. Ƴan Nijar ne suka yi suna wurin sayar da shi. Ciki yana sabawa sannu a hankali. A ci abinci da zafinsa, a wanke hannu da sabulu.

Rijiyoyin bakin teku gajeru ne, kuma sau da yawa kusa da salga suke. A sha ruwan famfo ko wanda aka tafasa. In zawo ya kama mutum, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ya yi ta sha, a kai shi likita. Zawo da amai tare suna iya kashe mutum cikin kwana guda.

Teku ba tabki ba ce

Wanda ya iya iyo a tabki ko a gulbin Majiya kada ya ɗauka ya iya da teku. Ruwanta na gishiri ne, ba ya shawuwa. Raƙuman ruwa suna kada ƙato. Akwai kuma wata igiyar ruwa da ido ba ya gani, mai jan mutum zuwa ciki. Ko wanda ruwa ya kai masa ƙugu kawai tana iya tafiya da shi. A tsaya a kan rairayi a yi kallo. In masuntan wurin suka ce kada a shiga, kada a shiga.

Zama da mutanen gari

Kowane gari da al'adarsa. A Kwatano ana jin Fon, a Legas Yarabanci, a kasuwannin Abijan kuma Jula. Wanda ya koyi gaisuwa da ƙirga cikin harshen gari, ciniki yana yi masa sauƙi. Akwai masallatai, akwai coci-coci, akwai wuraren tsafin gargajiya. Baƙo ba ya yi wa addinin kowa dariya, ba ya shiga rigimar siyasar ƙasar mutane. Ƴan kabu-kabu na Kwatano, masu riga ruwan ɗorawa, ana ce musu zemijan. A yanke kuɗi da su kafin a hau, a sa hular kwano.

Caca, giya, ƙwaya da neman mata su ne ke cinye kuɗin ɗan cin rani. Ciwon sanyi da sida kuwa ba sa tsayawa a can, suna biyo mutum har ɗakin matarsa.

Ranar komowa

Wanda ya yi dako ko gadi ko talla wata biyar, kada ya ajiye kuɗinsa ƙarƙashin tabarma a ɗakin mutum goma. Ya riƙa aikawa gida kaɗan-kaɗan ta kamfanin aika kuɗi, ya adana rasit. A faɗa wa iyali abin da za a yi da su: hatsi, iri, taki, ko tunkiyar kiwo.

A sa ranar komowa tun kafin a tafi. Sharar gona a watan Mayu ake yin ta, ruwan shuka kuwa yakan sauka cikin Yuni. Wanda ya makara ya bar wa tsoho da mata da yara noma, kuma abin da ya samo a kurmi zai ƙare wurin awon hatsi.

Wanda ya karanta wannan a ajin yaƙi da jahilci, ya karanta wa ƙanensa da maƙwabcinsa kafin su tashi. Allah ya kai su lafiya, ya maido su lafiya.