Jemage a Cikin Silin: Dokar Ingila Ba Ta Fifita Dabba a Kan Mutum Ba

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin 'yan uwanmu mazauna Ingila, wai Bature ya fi ganin darajar dabba a kan ɗan Adam, tunda jemage zai tare a rufin gidanka, kai da ka biya kuɗin gidan kuma a hana ka korarsa. Masu faɗin haka ba a ƙasa suka tsinci maganar ba. Dokar kare namun daji ta 1981, da ƙa'idojin 2017 da suka ƙarfafa ta, sun haramta kashe jemage, ko takura masa, ko toshe kafar da yake bi zuwa makwancinsa, ko da a lokacin ba ya ciki. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin wata shida ko tara marar iyaka. A 2020 kotu ta ci kamfanin gine-gine na Bellway tarar fam 600,000 saboda rushe makwancin jemagu a unguwar Greenwich da ke Landan.

Na fahimci ɓacin ran mai gida. Duk da haka, ina roƙon 'yan uwa su dubi yadda wannan ƙasa take yi da kurege mai launin toka. Idan ya shiga rufinka yana gaigayar wayar lantarki, ka ɗana tarko ka kama shi, laifi ne ka kai shi daji ka sake. Abin da ya rage shi ne a kashe shi ba tare da azabtarwa ba. Dalili kuwa, baƙo ne da aka kawo daga Amurka a shekarun 1870, ya yaɗu, yana ɗauke da cutar da ke hallaka jan kurege ɗan asalin ƙasar. Ɓera da gafiya ma ba wanda ya hana ka kashe su, tarkon danƙo kawai aka haramta wa jama'a tun 2024, saboda wahalar da dabba ke sha a kansa. Da son dabba ne zalla, ai da kurege ya tsira. Abin da ake aunawa shi ne ɓarnar kowace dabba, da kuma yawan irinta da ya rage.

To, a auna jemagen. Wanda aka fi samu a gidajen Ingila nauyinsa wajen giram 5 ne, zai kwanta a cikin kwalin ashana. Ba ya gaigayar katako ko waya, ba ya saƙa sheƙa, ƙwari kaɗai yake ci. Kashinsa busasshe ne, in ka murza shi sai ya zama gari, saɓanin na ɓera. Macen kuma ɗa ɗaya take haifa a shekara, wajen watan Yuni, kuma iyaye mata sukan taru wuri guda su yi goyo. Wanda ya toshe kafa a wannan lokaci ya bar jarirai a ciki su mutu da yunwa, wato ya kashe haihuwar shekara guda da kwano ɗaya na siminti. Ni dai wannan kaɗai ya isa ya sa na ga hikimar dokar.

Kuma ba a ce ka kwana da shi a ɗaki ba. In ya faɗo falo, ka rufe ƙofa, ka rage haske, ka buɗe taga, zai fita da kansa. In sai an ɗauke shi, a sa safar hannu, domin kaɗan daga cikinsu suna ɗauke da ƙwayar cuta dangin ta haukan kare. Wanda zai gyara rufi yana samun shawara kyauta daga hukumar Natural England ta hannun ƙungiyar Bat Conservation Trust, a gaya masa watan da ya dace da aikin, in ta kama a ba da lasisi.

Mu Musulmi ma bai kamata abin ya zame mana baƙo ba, tunda ya zo a Sahihu Muslim cewa macijin da aka gani cikin gida a Madina ana yi masa gargaɗi kwana uku kafin a kashe shi.

Ɗan uwa, in ka ji motsi a silin, ka fara gano ko wace dabba ce, ka buga waya ka nemi shawara kafin ka kira magini.