Tilas Ko Yarda: Jiyyar Masu Shaye-shaye a Ƙasar Kano

Idan matashi ya faɗa shaye-shaye a Tudun Wada ko Doguwa, iyayensa sukan shiga tsaka mai wuya: ko dai su sa a tsare shi da ƙarfi, ko kuma su lallashe shi ya nemi magani da ƙafarsa. Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce, domin binciken ƙasa na shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa ’yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta’ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda.

Hanyar tilas tsohuwa ce a ƙasar Hausa, watau gidan mari, inda akan sa wa kangararre ƙarfe a ƙafa. Aibinta ya fito fili a watan Satumba na 2019, sa’ad da ’yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu cikin mari. Ita ma hukuma ta yi nata yunƙurin. A zamanin Gwamna Rabi’u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, aka kafa makarantar gyaran tarbiyya a Kiru, inda aka haɗa tarbiyya da koyon sana’a.

To, amma masana sun lura cewa mari ƙafa yake ɗaurewa, ƙishin ƙwaya yana nan daram. Daɗin daɗawa, wanda aka tsare watanni, jikinsa yakan manta da sabon da ya yi, ta yadda in ya fito ya sha adadin taramol ko kodin da ya saba, yana iya sheƙawa lahira. Rashin tabbacin amfanin tsarewa da cin zarafin da ke cikinta ne suka sa hukumomi 12 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka nemi a rufe irin waɗannan wurare a 2012.

Hanya ta biyu, watau rage illa, ta ginu ne a kan “da babu gara ba daɗi”. Mai yi wa kansa allura akan ba shi sabuwa don kada ya ɗauki ƙanjamau ko ciwon hanta. Wanda jikinsa ya kamu kuma likita ya riƙa ba shi magani a gwargwado har ya samu natsuwa. Masu suka suna ganin wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. Amsar da ake ba su ita ce, sai da rai ake tuba.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta taƙaita tsare mara lafiya ba da yardarsa ba. Bisa ga haka, tilas tana da gurbinta na ɗan lokaci, a asibiti, idan rai yana cikin haɗari. Bayan nan kuwa, abin da uba a Bebeji ko Kiru yake bukata shi ne asibiti a kusa, wanda ɗansa zai shiga ba tare da tsoron mari ba.