Windows, Mac ko Linux: Wace Babbar Manhaja Ce Ke Ɗaukar Gilashin VR?

Da yawan masu sha'awar fasahar VR idan za su sayi gilashi, abin da suke dubawa shi ne kyan hoto da farashi. Sai sun kai gida sun jona da kwamfuta sannan su tarar ko motsi ba ya yi. Galibi gilashin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana wajen babbar manhajar da ke kan kwamfutar.

Me ya sa gilashin VR ba kamar sauran na'urori ba ne?

Allon kwamfuta ko lasifika kana jonawa suke fara aiki. Shi kuwa gilashin VR sai da wata manhaja a tsakani, wadda ke aikin tafinta tsakanin wasan da kake yi, katin hoto na kwamfuta, da gilashin kansa. Ita ce ke bin diddigin motsin kanka da hannuwanka, ta sa a zana hoto biyu, ɗaya ga kowane ido, ta kuma gyara lanƙwasar da madubin gilashin ke jawowa. Gilashin da ke sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa ɗaya yana bai wa kwamfuta kusan kashi 11 cikin dubu na daƙiƙa ne kawai ta kammala kowane hoto. Idan aka yi jinkiri, mai sanye da shi zai ji jiri ko tashin zuciya. Don haka dole wannan manhaja ta yi aiki kut-da-kut da direban katin hoto, kuma kowace babbar manhaja sai an rubuta mata nata daban. Wannan aiki ne mai cin kuɗi, shi ya sa kamfanoni ke zaɓar inda kasuwa take.

Windows

A nan kasuwar take. Alƙaluman shagon wasanni na Steam sun daɗe suna nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu amfani da shi a kan Windows suke. Oculus Rift da HTC Vive da suka fito a 2016 duk da Windows suka fara. Har yau manhajar da Meta ta yi don jona Quest da kwamfuta a Windows kaɗai take aiki. Haka ma na'urar haɗi da Sony ta fitar a watan Agustan 2024 don amfani da PlayStation VR2 a kwamfuta.

Sai dai a nan ma an yi asara. A 2017 Microsoft ta ƙaddamar da Windows Mixed Reality, kamfanoni irin su HP, Samsung, Acer, Lenovo da Dell suka ƙera gilasai dominsa. A watan Disambar 2023 Microsoft ta sanar da daina tsarin, sannan ta cire shi gaba ɗaya daga Windows 11 bugun 24H2. Wanda ya sabunta kwamfutarsa, gilashi mai tsada irin HP Reverb G2 ya koma kayan ado. Sai a 2025 wani direba na kyauta mai suna Oasis ya fito a Steam ya farfaɗo da waɗannan gilasai, kuma ba kamfanin ne ya fitar da shi a hukumance ba.

Mac

Tun watan Mayun 2015 Oculus ta dakatar da aikinta na Mac da Linux don ta mayar da hankali kan Windows. Babban dalili shi ne yawancin kwamfutocin Mac na lokacin ba su da katin hoto mai ƙarfin da VR ke buƙata. A 2017 Valve ta kawo SteamVR kan Mac, amma a 2020 ta janye. Apple ta bi tata hanyar: a watan Fabrairun 2024 ta fitar da Vision Pro a kan dala 3,499, mai tasa babbar manhajar da ake kira visionOS. Yana iya nuna maka allon Mac a matsayin ƙaton allo a gabanka, amma wannan ba daidai yake da buga wasannin SteamVR a kan Mac ba.

Linux

Valve ta fitar da SteamVR na Linux a 2017, kuma wasanta Half-Life: Alyx ya samu bugun Linux a 2020. Gilasan Valve Index da HTC Vive su suka fi dacewa da shi. Masu Quest kuwa suna dogara ne da manhajojin sa-kai irin su ALVR da WiVRn, waɗanda ke tura hoto zuwa gilashin ta Wi-Fi. Akwai kuma Monado, buɗaɗɗiyar manhajar tsakani da kamfanin Collabora ke jagoranta. Abin yana aiki, amma sai mai haƙuri da son gyare-gyare.

Gilasai masu cin gashin kansu

Quest 2 da Quest 3 ba sa buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Suna da tasu babbar manhajar da aka gina kan Android, kuma daga shagon Meta ake sauke wasanninsu. Ga mai Mac, ko mai ƙaramar kwamfutar ofis, wannan ce hanya mafi sauƙi ta shiga VR.

Ina labarin OpenXR?

A watan Yulin 2019 ƙungiyar Khronos ta fitar da OpenXR 1.0, ƙa'ida ɗaya da mai rubuta manhaja zai bi don aikinsa ya dace da gilasai iri-iri. Ta rage wa masu ƙirƙira wahala ƙwarai. Amma ƙa'ida ce kawai. Dole a samu wanda zai rubuta manhajar tsakani ga gilashinka a kan babbar manhajarka, ya kuma ci gaba da kula da ita.

Kafin ka fitar da kuɗinka

Wannan ya fi shafar mai sayen na hannu, domin gilasan da kamfani ya yi watsi da su ne ke zuwa da arha. Ka fara sanin wace manhaja ce ke tafiyar da gilashin, kuma ko har yanzu mai ita yana sabunta ta. Ka duba bugun babbar manhajarka, musamman idan Windows 11 ce. Ka tabbatar kwamfutarka tana da katin hoto na musamman da kafar DisplayPort, domin gilasai da dama masu waya ba sa aiki ta HDMI, kuma yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su dace ba.

Idan wasannin kwamfuta kake so ba tare da ciwon kai ba, ka tsaya kan Windows. Idan Mac gare ka, nemi gilashi mai cin gashin kansa. Idan kuma na hannu ne, kada ka biya sai mai sayarwa ya jona shi da irin kwamfutarka ka ga yana aiki da idonka.