Ƙwallon lambu a Soba: Ciyawar masu kuɗi da ƙishin gonakin Jazira

Duk ɗan kasuwar da ya saba ɗauko kaya daga Wad Madani zuwa Khartum ya san Soba, unguwar da ke kudancin birnin kusa da Shuɗin Nilu. A nan ne kamfanin DAL na attajiri Usama Dawud ya gina filin ƙwallon lambu, wato golf, mai suna Fenti, a ƙarshen shekarun 2000, lokacin da kuɗin man fetur da Sudan ta fara fitarwa a 1999 ke yawo a hannun manya. Kafin yaƙin 2023, fili ne mai ramuka 9, shimfiɗe da ciyawa kore shar a ƙasar da ruwan sama ba ya wuce 'yan watanni.

Sudan ba ita ta fara ba. Masar ta riga ta, domin a gaɓar Bahar Maliya wuraren shaƙatawa irin su El Gouna da Soma Bay sun kafa nasu filayen don janyo baƙi daga Turai. Dabarar guda ce: a shuka ciyawa, a kewaye ta da katanga, sai farashin gidajen da ke gefe ya tashi. A Soba kafin yaƙi, shiga kuwa sai ɗan kulob ko baƙonsa, galibi shugabannin kamfanoni da jami'an jakadanci. Talaka yana shiga, amma da jakar sandunan wani a kafaɗa.

Mu Hausawan Jazira wannan katangar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun iso bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a ƙarƙashin Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wasu kuma mahajjata ne da guzuri ya ƙare musu a hanya. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, hannunsu ne ya tsinci audugar da ta ciyar da masaƙun Ingila. Amma hawasha, wato gonar da gandun ke rabawa, ba kowa ya samu ba. Da yawa sun ƙare a kambo, matsugunan leburori a bakin magudanan ruwa, zuriya bayan zuriya ba takardar fili.

Shi kansa gandun, mai faɗin kusan fadan miliyan 2, ya daɗe yana kuka. Laka da kogin ke kwasowa daga tsaunukan Habasha ta cike magudanai, dokar 2005 kuma ta ɗora wa manoma nauyin kula da ƙananan hanyoyin ruwa ba tare da kuɗin yi ba. Idan dawa da gyada suka bushe a ƙarshen magudana, mu ne muke ganin abin a farashin buhu. Ba mu ce ramuka 9 ne suka shanye Nilu ba, ko kusa. Abin lura shi ne jarin da ya iya raya ciyawa a Soba bai ga ribar yashe magudana a Managil ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya mai da Khartum fagen daga, Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban wannan shekara, sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025. Yanzu da ake maganar sake gina ƙasa, masu neman fili a bakin kogi za su dawo da taswirorinsu, kuma ya kamata shugabannin garuruwanmu su nemi a rubuta sunan mazauna kambo kafin a fara awo. A Alƙahira ma, kulob ɗin Jazira da sojojin Ingila suka kafa a 1882, sai a zamanin Jamal Abdul Nasir aka yanke rabin filin ƙwallon lambunsa aka ba matasan gari.